Ciwon Bayan Da Ke Sauka Ƙafafu: Ba Kowane Ne Na Tsufa Ba

A watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da ciwon baya mai daɗewa. Hukumar ta ce kimanin mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Cikin abubuwan da ta ce kada a dogara da su har da ɗamarar ɗaure ƙugu da magunguna masu sa maye dangin tiramadol. A wurinmu kuwa, suna cikin abubuwan da mai ciwon baya ke samu a kemis.

Matsalar ita ce ciwon baya iri-iri ne, amma ƙwaya ɗaya ake sha wa duka. Akwai nau'in da ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, wato tsukewar hanyar laka, wanda za ka ga an rubuta spinal stenosis a takardar hotonka.

Me ke faruwa a cikin bayan?

Ƙashin bayanka yana da rami a tsakiya daga wuya har ƙugu, inda laka da jijiyoyi ke bi. Da shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan yana bushewa ya bultso, gaɓoɓin su yi kauri, jijiyar da ke ɗaure su ita ma ta ƙara kauri. Sai ramin ya ƙuntata, jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu su matsu. An fi samun haka tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu.

Yadda za ka gane shi

Abin lura shi ne lokacin da ciwon ke zuwa da lokacin da yake tafiya. Idan ka miƙe tsaye ko kana tafiya, ramin yana ƙara tsukewa. Sai ka ji ciwo ko nauyi daga ɗuwawu zuwa cinya da ƙwauri, ko ƙafar ta sage, ko ka ji kamar ana tsira maka allura. Sau da yawa ƙafafun biyu ne. Da ka zauna ko ka sunkuya, ramin ya ɗan buɗe, cikin 'yan mintuna ka ji sauƙi.

Shi ya sa dattijo zai ce maka doguwar tsayuwa a sallah tana wahalar da shi, amma yana jin daɗin ruku'u. Wani ba ya iya zuwa kasuwa a ƙafa sai ya zauna sau uku a hanya, amma yana tuƙa keke ba matsala. Wannan ya bambanta da ciwon ƙafa na toshewar hanyar jini, wanda aka fi gani ga masu ciwon suga da masu shan taba: shi da zarar ka tsaya cak yake lafawa, ba sai ka zauna ba.

Idan tsukewar a wuya take, hannu ne ke fara nunawa. Ɓalla maɓallin riga ya yi wuya, rubutu ya lalace, abu ya riƙa suɓucewa, tafiya ta zama da tangaɗi.

Me ya sa ƙwaya kaɗai ba ta isa ba?

Maganin kashe zafi ba ya buɗe ramin da ya tsuke. Shan diklofenak ko ibufurofen wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya ƙara hawan jini, musamman ga tsofaffi. Tiramadol kuma yana kama jiki, yana sa jiri, tsoho ya faɗi ya karye. Mafi muni, ƙwayar tana rufe alamun da ya kamata su kai ka asibiti.

Alamun da ba a kwana da su

Je asibiti a ranar idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida yana zuba ba ka sani ba.
- Sagewa a matsematsi, al'aura ko kewayen dubura.
- Ƙafa tana rasa ƙarfi da sauri, ko tana ja a ƙasa.
- Ciwon baya tare da zazzaɓi, rama da zufar dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya.

Biyun farko suna nuna jijiyoyin sun matsu sosai, kuma jinkirin tiyata na iya barin mutum da lahani na dindindin.

Abin da za a yi maka

Likita zai fara da tambayoyi da gwada ƙarfin ƙafafu. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiyoyi. Hoton MRI ne ke nunawa. Yana da tsada, amma ba kowa ke buƙatarsa tun farko ba. Akwai kuma masu tsukewa a hoto da ba sa jin komai, don haka mutum ake yi wa magani, ba hoto ba.

Yawancin masu wannan ciwo ba sa kai wa ga tiyata. Ana farawa da atisaye a hannun likitan gashi, tuƙa keke, rage ƙiba, da tafiya kaɗan-kaɗan ana hutawa. Kwanciya kullum ƙara raunana ƙafafu take yi. Tiyatar faɗaɗa ramin sai idan tafiya ta gagara duk da waɗannan, ko rauni na ƙaruwa, kuma ta fi taimaka wa ciwon ƙafa fiye da na bayan kansa.

Kafin ka ga likita, lura da nisan da kake iya tafiya kafin ka nemi wurin zama, ka kuma tafi da duk magungunan da kake sha. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ce ta rage fita, tana cewa sanyin ƙashi ne kawai, tambaye ta ko zama yana kawar da ciwon. Idan ta ce e, ka kai ta a duba ta.