Allura da Zare Ga Matan da Gudun Hijira Ya Kawo Mana

Ina kira ga malamai da almajirai na ƙasar Gwarzo da Kabo, su saurari wannan magana da kunnen basira.

Ku sani, ya 'yan'uwa, fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Katsina, irin su Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ta matso kusa da mu. A watan Agusta na 2025 an auka wa masallata da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe maza da yawa, kuma a wannan shekarar aka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa cikin jihar Kano. Galibin mazan da aka kashe sun bar mata da 'ya'ya. Mace ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta fito ba gona, ba dabba, ba rumbu, ta biyo hanyar Dayi da marayu a bayanta, ta sauka a zauren dangi ko kangon da aka ara mata.

To, mun ba su tsaba da tsofaffin tufafi, Allah ya karɓa. Amma kwanon hatsi kwana kaɗan yake yi, sa'an nan yara su fita bara. Abin da nake gani shi ne a ba su sana'ar ɗinki, gama ita ce mace take iya yi cikin ɗakinta, da ɗanta a goye, mutuncinta a tsare. Ɗinkin hula ba ya bukatar kome sai allura da zare da ƙyalle, kuma da shi matan Barno da yawa suka rufa wa kansu asiri a sansanonin Maiduguri. Keken ƙafa kuwa ba ya jiran wutar lantarki.

Kada wani ya raina aikin hannu ga mace. Uwar muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hannun jajoji ta kai ilmi ga matan ƙauyuka. Hanya ce da magabata suka share.

Sai dai miƙa keke kaɗai ba ya isa, domin mai jin yunwa za ta sayar da shi kafin ta iya zura zare. Saboda haka abu uku ya wajaba. Na farko, a mai da keken hubusi, tun da mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta hubusin abin da ake ɗauka, ba sai gida ko gona ba. Mace ta ci amfaninsa, in ta sayi nata ya koma ga wata. Na biyu, a ciyar da ita daga zakka muddin tana koyo wurin gwanar unguwa, kuma attajirai da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano su sa hannu. Na uku, a sama mata masu saye, kuma nan ne nauyin ya hau kanmu. Kowace Islamiyya tana bukatar hijabai da rigunan yara, kowane malami yana sa hula. A haɗa kuɗi a sayo yadi da zare a Kantin Kwari bisa sari, a ba su aikin, a biya su lada cikakke, kada dillali ya cinye guminsu.

Wadansu suna cewa baƙo abin tsoro ne a wannan zamani. Maganin wannan a kai sunanta ga mai unguwa da dagaci, a san ta, a san garinsu. Wadansu kuma suna cewa telolinmu za su rasa ciniki, alhali kowa ya san yadda suke mai da aiki gab da Salla saboda yawansa.

Ina roƙon kowane liman ya faɗi wannan bayan sallar Juma'a, kowace makaranta ta ɗauki nauyin mace ɗaya kafin azumi ya kama. Allah ya jiƙan mazansu, ya raya marayunsu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.