Harafi ɗaya, farashi biyu

Jama'a, yau a kan M za mu tsaya, don ba harafin da ya kai shi haɗa 'yan kasuwa faɗa a nan Kwatano.

A fasfo, M namiji ne. A wuyan rigar gwanjo ta Missebo, matsakaiciya ce. A gaban suna mu Malam muke karantawa, maƙwabtanmu su ce Mushe. Duk wannan ba ya cin kuɗin kowa.

Wurin farashi ake kuka. Wanda ya yi boko da Faransanci, dubu a bakinsa "mil" ce, sai ya rubuta 5M a WhatsApp yana nufin jaka biyar ta sefa. Abokin cinikinsa na Kano kuwa miliyan biyar ya gani, bai ma tambaya ba. A da hankali ke raba gardama, amma yanzu da naira ta faɗi, miliyan ta zama kuɗin 'yan buhunan shinkafa, ba ta ba kowa mamaki. Sai kaya sun tsallake Seme a zo ana rantse-rantse gaban dattawan zango.

K ma ba ta da amana. Da naira ta maye gurbin fam a 1973, 50k kwabo hamsin ne. Yaran yanzu dubu hamsin suke nufi. Hajiya kuma in ta ga 18K jikin sarƙa, ingancin zinariya take dubawa.

Ni dai a shagona na Agla ba na karɓar oda da harafi. A cika sifili, a ce sefa ko naira, a maimaita da murya.