Lissafin Makaranta Ya Tona Asirin Masu Mulki

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, ku kasa kunne! A makarantar mishan da bulala aka koya mana lissafin sau, yau ga ranarsa ta zo. A farkon 2023, a farashin gwamnati, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Aka cire tallafi, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, ninki biyar ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa daga 30,000 aka mai da shi 70,000, ninki biyu da 'yar ɗoriya. To, wa ya cike giɓin? Tukunyarku! Kada ku zagi mai awon hatsi, kuɗin mota ya ci ribarsa. Laifin masu mulki ne. Ku adana katin zaɓenku, ranar biyan bashi tana tafe.