Jaguar E-Type da Honda NSX: Wacce Ta Fi Cancantar Yabo?

Jaguar E-Type ta fara bayyana a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961. A birnin Coventry na Ingila aka ƙera ta, kuma Malcolm Sayer, wanda ya taɓa aiki a masana'antar jiragen sama, shi ya zana mata doguwar gaba da siririn jikin da ke yanka iska. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3.8. Kamfanin ya ce tana da ƙarfin doki 265 kuma tana kai kilomita 240 a awa, kodayake masana na ganin an ɗan zuzuta lissafin. Farashinta bai kai rabin na Ferrari ta lokacin ba, shi ya sa aka sayar da fiye da 70,000.

Sai dai kyan ɗan maciji gare ta. Injin kan ɗau zafi a cunkoso, giyar farko ta samfuran farko tana da taurin kai, wayarin yana yawan ba da matsala, tsatsa kuma ba ta raga wa bodin. Mai ita dole ya ƙulla zumunci da bakanike.

A 1990 Honda ta Japan ta fito da NSX. Injinta V6 ne mai lita 3, an dasa shi a bayan direba, da ƙarfin doki 270, kusan daidai da abin da Jaguar ta yi iƙirari shekara 29 kafin nan. Bambancin yana cikin ƙira. Da alminiyam aka yi bodin gaba ɗaya don rage nauyi, kuma Ayrton Senna, zakaran tseren Formula 1 ɗan Brazil, ya gwada ta a filin Suzuka, ya ba da shawarar a ƙara wa shasin ƙarfi. Ga na'urar sanyaya ciki mai aiki, ga giya mai laushi, ga inji da ke tashi kowace safiya kamar na Honda Accord da ta cika titunan Kano. Mai ƙera motoci Gordon Murray ya ɗauke ta ma'auni lokacin da yake ƙera motar McLaren F1.

Masu tara tsofaffin motoci sun fi ɗokin E-Type, kuma a fagen kyau ba a ja da su. Amma NSX ce ta tilasta wa kamfanonin Turai su daina sayar da gudu ba tare da inganci ba. A matsayin mota ta hawa, ita ce gaba.