Asirin Mai Ƙanjamau Ya Koma Cikin Waya: Wa Ke Gadinsa?

A watan Janairun 2019 hukumomin ƙasar Singafo suka sanar da cewa wani ya watsa bayanan mutum 14,200 masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a intanet, da sunayensu da adireshinsu da lambobin wayarsu. Ƙasa ce mai kuɗi da ƙwararrun masana kwamfuta, amma asirin raunananta ya tonu. To ina ga mu da wayarmu ke kwana a shagon mai caji, ta wuni a hannun mai gyara?

Wannan damuwa ce ta sa wasu masu bincike suka haɗa wani aiki da ya ratsa ƙasashe, ƙarƙashin jagorancin Sara Davis, masaniyar da ta fara shi a Janiba, daga baya aikin ya koma Jami'ar Warwick ta Ingila. A ciki akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta duniya, GNP+, da takwarorinta na Ghana da Biyetnam, da ƙungiyar lauyoyi ta KELIN da ke Kenya. Zagayen farko ya fito a 2022, daga hirar da aka yi da matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 a Ghana da Kenya da Biyetnam. A 2025 wani rahoton ya biyo baya, da ya haɗa da Kolambiya.

Abin da ya bambanta wannan aiki da wanda muka saba gani shi ne masu ɗauke da cutar su ma masu binciken ne. Da su aka tsara tambayoyin, da su aka yi hirarrakin, da su aka zauna aka tantance abin da aka samo. Ra'ayina shi ne wannan ce kaɗai hanyar da ta kamata mu yarda da ita in za a yi bincike a kan talaka.

Mu mutanen Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da a ce tun farko akwai uba ɗaya daga cikin iyayen yaran nan a teburin da aka tsara aikin, da iko a hannunsa, anya da an kai ga haka?

Me matasan suka faɗa da aka ba su dama? Sun ce waya ta zame musu mafaka. Wanda ke tsoron a gan shi a layin karɓar magani yakan tambayi Google, ko ya shiga zauren WhatsApp na 'yan'uwansa masu irin lalurarsa ya sami shawara da lallashi. Amma kuma sun ce kuɗin data na hana talaka kaiwa ga wannan, kuma wadda ke aron wayar wani tana cikin fargabar kada saƙon asibiti ya shigo a hannun da bai dace ba. Wasu an zage su a intanet, wasu an yi musu barazanar tona asiri in ba su ba da kuɗi ba.

Na san wani zai ce, ai kuɗin Turawa ne. Gaskiya ne, gidauniyar Botnar ta ƙasar Suwizalan ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma mai ba da kuɗi yana da bakin magana. Shi ya sa tambayar da za mu riƙa yi wa duk mai zuwa mana da takardar tambayoyi ita ce: wa ya tsara, ina za a ajiye bayanan, wa zai gani, kuma za a dawo mana da sakamako? A Kenya, lokacin da Shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarni a 2015 a tattara bayanan ɗalibai masu ɗauke da cutar, KELIN ta kai ƙara, kotu kuma ta ce a 2016 umarnin ya saɓa wa tsarin mulki. Waɗanda suka iya tunkarar shugaban ƙasa don kare asirin yara sun cancanci a saurare su.

Wani kuma zai ce, ai su suka jawo wa kansu. Haba ɗan'uwa! Jaririn da aka haifa da ita fa? Matar da miji ya kawo mata har ɗaki fa? Wanda aka ƙara wa jini fa? Kai ko ta wace hanya mutum ya same ta, tona shi cutar da al'umma ne. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. In aka fallasa shi sai ya gudu daga asibiti, ya bar magani, ƙwayar ta sake yawa a jininsa, cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Nijeriya, don haka da wuya a rasa ɗaya a unguwarku.

Akwai dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014, akwai ta kare bayanan jama'a ta 2023, amma doka ba ta tsayawa a kan mai gyaran waya lokacin da yake leƙa hotunan mutane. Da yawanmu mu ne masu shagunan caji da gyara, mu ne ke shigar da bayanai a kwamfutar asibiti, mu ne masu kula da zaurukan WhatsApp. Abin da ka gani a wayar wani amana ce a wuyanka. In an turo maka hoton sakamakon gwajin wani, goge shi, ka kuma ja kunnen wanda ya turo. In masu bincike sun zo unguwarku, ku ce sai an zauna da masu lalurar tun daga farko. Allah ya rufa mana asiri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.