Darasi Daga Tsohuwar Fijo

Kawuna yana da Peugeot 504, irin waɗanda a da ake haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Sa'o'inta da yawa sun koma hannun 'yan gwangwan, amma ita har yau tana zuwa Zariya ta dawo lafiya.

Sirrin? Kowace safiya kawu yakan duba baƙin mai, ruwan lagireto da iskar taya kafin ya tayar da ita.

Ni kuwa ina sakandare, ba na karatu sai jarrabawa ta matso, har na faɗi lissafi. Kawu ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Tun ranar na ware rabin awa kullum don bita.

Ku ma ku fara yau.