An Kwance Mari, Saura Diyya

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a baya. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai, aka shiga cigiyar iyayensu. Kafin watan Oktoba ya ƙare sai ga irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, Gwamnatin Kano kuwa ta ba da umurni a rufe gidajen mari. Kowa ya yi Allah wadai, sa'an nan ƙura ta lafa. To, yaron da aka kwance yana ɗan shekara goma, yau ya zama saurayi. Abin da mu ke tambaya shi ne, me ya ke bin hukuma, wa kuma zai biya shi?

Kada mutumin Ringim ya ce wannan maganar waɗansu ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Har 1991 Ringim tana cikin Jihar Kano ne, yaranmu kuwa ba su daina tafiya birni neman karatu ba. Mun ga yawansu a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da Gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu, motoci suka sauke ɗaruruwa a Jigawa. Ba mu ce tsangaya gidan mari ce ba, Allah ya sawwaƙe. Mun dai ce duk inda aka ajiye yaro nesa da iyayensa, ba mai leƙawa, to an buɗe wa zalunci ƙofa.

Waɗansu za su ce ai iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, ina laifin Gwamnati? Gaskiya ne, amma fa a duba dalili. Mutumin da ɗansa ya kangare, ko ya faɗa shaye-shaye, ko ya sami taɓin hankali, ina zai nufa? Asibitin ƙwaƙwalwa sai Kazaure ko Dawanau, tafiya da tsada. Gidajen nan kuwa a tsakiyar unguwa su ke, shekara da shekaru, ba mai dubawa. Hukumar da ba ta duba ba, ba ta kuma tanadi madadi ba, tana da kaso cikin laifin, saboda haka tana da kaso cikin biya.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane haka. A ƙasar Ailan an azabtar da yara a gidajen marayu da makarantun horo waɗanda ƙungiyoyin coci ke riƙe da su da kuɗin Gwamnati. A 1999 Firayim Minista Bertie Ahern ya nemi gafara da sunan ƙasa, a 2002 aka yi dokar biyan diyya, aka biya mutum fiye da 15,000. Ostireliya ma a 2018 ta kafa tsarin biyan waɗanda aka yi wa lalata suna yara a irin waɗannan wurare, har dala 150,000 ta ƙasar ga mutum guda, tare da magani da neman gafara.

Mu ba sai mun yi aron hikimar nan ba. Duk wanda ya karanta Risala ya san Shari'a ta yanka diyyar ido da haƙori da yatsa. Dokokin zamani ma suna nan: Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 wadda ta ba wanda aka azabtar ikon neman diyya, da Dokar Kare Yara ta Jigawa wadda Gwamna Badaru Abubakar ya sa wa hannu a 2021. Amma doka a takarda ba ta warkar da miki, miƙa yaro ga iyayen da suka rasa yadda za su yi da shi kuwa ba diyya ba ce.

Shawararmu uku ce. Ta fari, a rubuta. Ma'aikatan Ƙananan Hukumomin Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura, watau magadan En'e, su haɗa kai da hakimai da dagatai su san kowane wuri da ake ajiye yara, da duk wanda ya fito da rauni, cikin sirri. Wanda ba ya cikin rajista ba wanda zai biya shi. Ta biyu, Gwamnatin Jiha ta ware kuɗi domin magani na jiki da na ƙwaƙwalwa, da koyar da sana'a, da diyya, sa'an nan ta bi masu laifi ta karɓi abin da ta kashe. Ta uku ta malaman makaranta ce: in irin yaron nan ya zo, ko da ya girmi 'yan aji, ku karɓe shi, ku hana a kira shi ɗan mari.

Maƙeri yakan cire mari cikin sa'a guda, tabonsa kuwa sai an yi jinya. Allah ya sa shugabanninmu su sauke wannan bashi tun masu binsa suna raye, amin.